Likita Yanush Korcak, Uban Marayun Warso

A cikin watan Agusta na 1942, damina ta yi tsaka a nan Katsina, gero ya fid da kai, Sarki Muhammadu Dikko yana bisa gadon sarauta, ana kuwa ta ɗibar samarin Arewa aikin soja saboda yaƙin Hitila. A cikin wannan wata ne, can ƙasar Turai, a wani birni da a ke kira Warso, wani tsohon likita ya fito daga gidan marayu da yara wajen 200, sojan Jamus na kore da su zuwa tashar jirgin ƙasa. Tun daga ran nan ba a sake ganin ko ɗaya daga cikinsu ba. Likitan nan yana da hanyar tsira, abokansa sun sha yi masa tayin mafaka, amma ya ƙi, domin tayin bai haɗa da yaran ba.

Sunansa Yanush Korcak. Likitan yara ne, malami ne, kuma mawallafin littattafan hira na yara. Labarin yaƙin nan da mu ka fi sani a ƙasarmu shi ne na mazajen da su ka tafi Habasha da Bama, su ka komo da lambobi a ƙirji. Yau kuwa muna so mu ba masu karatu labarin wani irin ƙarfin hali dabam, na mutumin da bai ci nasara ba, bai kuwa kuɓutar da kowa ba, amma ya riƙe amanar da aka ba shi har ƙarshe.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

Sunansa na yanka Henrik Goldshimit. An haife shi a Warso, babban birnin ƙasar Folan, ran 22 ga watan Yuli, cikin 1878 ko 1879. Abin da ya sa a ke faɗin shekara biyu shi ne, ubansa ya yi jinkirin rubuta haihuwar a littafin hukuma. A zamanin nan Folan ba ta da mulkin kanta, Rasha da Jamus da Ostiriya sun raba ta, Warso kuwa tana hannun Sarkin Rasha. Iyayensa Yahudawa ne masu ilmin zamani, harshen Folan su ke yi a gida. Kakansa likita ne, ubansa kuwa lauya ne mai abin hannu.

Shi da kansa ya ba da labarin ranar da ya fara sanin an bambanta shi da sauran yara. Yana ɗan shekara biyar sai kanarinsa ya mutu, ya tafi bayan gida zai binne shi, yana so ya kafa masa gicciye kamar yadda ya ga ana yi wa kaburbura. Sai ɗan mai gadin gidan ya gaya masa ai kanarin nan Bayahude ne kamar maigidansa, kuma su biyun ba su da rabo da Aljanna, wuri mai duhu za su. Yaron nan kuwa yana tsoron duhu. Maganar ba ta bar ransa ba har tsufa.

Daɗin gidansu bai daɗe ba. Ubansa ya samu taɓin hankali, aka yi ta kai shi asibiti har dukiya ta ƙare, ya rasu cikin 1896. Henrik yana saurayi ɗan makaranta, nauyin uwarsa da 'yar'uwarsa ya faɗo masa. Sai ya shiga bin gidajen masu kuɗi yana koya wa 'ya'yansu karatu ana biyansa. Ta haka ya san cikin gidan mai arziki, ya kuma san lungun talaka, ya ga yara na shan wuya a duka biyun, ko da ya ke wuyar ba iri ɗaya ba ce.

Cikin 1898 ya shiga makarantar likita a Jami'ar Warso. A shekarar nan kuma aka yi gasar rubuta wasan kwaikwayo, ya shiga da sunan aro wanda ya tsinta a wani tsohon littafin hira, watau Yanash Korcak. Mai jera baƙaƙe a maɗaba'a ya yi kuskuren harafi ɗaya, ya mai da shi Yanush. Kuskuren nan ne ya zama sunan da duniya ta san shi da shi. Littafinsa na fari ya fito cikin 1901, a kan yaran da ke kwana a titi.

Daga asibiti zuwa gidan marayu

Ya sami takardar likita cikin 1905, nan da nan aka aika shi Manchuriya, can gabas mai nisa, ya yi aikin likitan soja a yaƙin Rasha da Japan. Da ya komo sai ya ci gaba da aiki a wani asibitin yara na Yahudawa a Warso. An san shi da hali guda: in attajiri ya kira shi, sai ya yanka masa kuɗi mai tsoka, in matalauci ne kuwa, sai ya duba ɗansa kyauta, wani lokaci har ya bar kuɗin magani. Ya tafi Balin da Faris da Landan ƙaro ilmi, yana duba asibitoci da gidajen marayu.

Sannu a hankali sai ya ga likita yana warkad da yaro ne kawai ya mai da shi cikin yunwa da dauɗar da su ka kawo cutar tun farko. Saboda haka ya bar asibiti. Wata ƙungiyar taimakon marayu ta gina babban gida a titin Krokmalna, lamba 92, aka buɗe shi cikin watan Oktoba na 1912, aka ba shi shugabanci. Ya tare a wani ɗan ɗaki can ƙarƙashin rufin soro, ba ya karɓar albashi. Bai yi aure ba, bai haihu ba, ya ɗauki yaran gidan su ne iyalinsa.

Ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Akwai wata mace mai suna Stefaniya Wilcinska, wadda yara ke kira Malama Stefa, ita ce uwar gidan. Abinci da sutura da jinya da lissafin kuɗi duk a hannunta su ke. Sa'ad da aka yi Yaƙin Duniya na Farko, aka sake ɗaukar Korcak aikin soja daga 1914 zuwa 1918, ita kaɗai ta riƙe gidan cikin yunwa da annoba. Shi kuwa a bakin daga, tsakanin duba wannan majinyaci da wancan, ya rubuta babban littafinsa a kan yadda a ke ƙaunar yaro. Bayan Folan ta sami mulkin kanta ya yi aiki a rundunarta har ya kai muƙamin manjo. A nan ya kamu da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke kawowa, uwarsa ta yi jinyarsa, ya tashi, ita kuwa ta ɗauki cutar ta rasu cikin 1920. Wannan rashi ya kusa zautad da shi. Cikin 1919 kuma ya haɗa kai da wata mace, Marina Falska, su ka buɗe gida na biyu domin marayun Kirista.

Gidan da yara ke shari'a

Abin da ya sa malamai daga ƙasashe da yawa su ka riƙa zuwa kallon gidan Krokmalna shi ne tsarinsa. Yara wajen 100 ne a ciki, maza da mata, daga shekara bakwai zuwa goma sha huɗu. Ra'ayin Korcak shi ne, yaro mutum ne tun yau, ba sai ya girma ba, kuma yana da hakkin a girmama shi, a ji ta bakinsa. Bai tsaya ga faɗi ba, sai da ya gina gidan a kan wannan.

Akwai kotun yara, tana zama mako mako. Alƙalai biyar ne, a kan fid da su da ƙuri'a daga cikin yaran da ba a kai ƙararsu ba a makon nan. Malami guda ya kan zauna ya rubuta abin da aka yi, amma ba shi da baki cikin hukunci. Kowa na iya kai ƙarar kowa, ƙaramin yaro ya kai babba, almajiri ya kai malaminsa. Littafin dokar da ya tsara, daga aya ta 1 har ta 99 duk hanyoyin yafewa ne. Daga nan sai horo ya riƙa hawa kaɗan kaɗan, a buga sunan mai laifi a jaridar gidan, a sanad da danginsa, har a kai aya ta 1000, watau kora, wadda da ƙyar a kan kai gare ta. Ko wanda aka kora ma yana iya roƙon a mai da shi bayan wata uku.

Abin mamaki, shi kansa Likita bai fi ƙarfin kotun nan ba. Cikin wata shida ya kai ƙarar kansa sau biyar, sau ɗaya don ya taɓa lafiyar kunnen wani yaro cikin fushi, sau ɗaya kuma don ya zargi wata yarinya da sata ba hujja. Mu da mu ka tashi a ƙarƙashin bulala, mu ka ji ana cewa icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, wannan abu zai yi mana bambaraƙwai. Amma shi abin da ya gano shi ne, ƙaramin yaro ba ya samun kariya daga cin zalin babba sai in akwai doka wadda ta hau kowa, har da mai gidan.

Ban da kotu akwai majalisar yara mai tsara ranakun hutu da dokoki, akwai jaridar gida da a ke karantawa a bainar jama'a, akwai kuma akwatin wasiƙa domin yaron da ke jin nauyin faɗin damuwarsa da baki. Baƙon yaro in ya zo, a kan haɗa shi da wani babba ya zama majiɓincinsa har ya saba. Likita da hannunsa ya ke yi musu aski, ya yanke musu farce, ya ɗora su bisa sikeli ko wane mako ya rubuta nauyinsu. In yaro ya yi famfara, sai ya sayi haƙorin, don yaron ya sami 'yan kwabbai ba da roƙo ba.

Sarki Macush na Ɗaya

Cikin littattafansa na yara, wanda ya fi shahara shi ne na Sarki Macush na Ɗaya, wanda ya bazu tun 1923, aka kuma juya shi cikin harsuna da yawa. Labarin wani ɗan sarki ne wanda ubansa ya rasu yana ƙarami, aka naɗa shi. Sarakuna uku na maƙwabta su ka raina shi, su ka kawo yaƙi. Fadawa su ka so su ɓoye shi a fada, shi kuwa ya sulale ya ɓad da kama, ya tafi bakin daga ya sha wuya tare da ƙananan soja. Da ya komo sai ya ɗaura aniyar gyaran ƙasa, ya kafa wa yara majalisa, ya ba su koriyar tuta tasu ta kansu.

Masu karatunmu za su tuna da Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma koyar a Makarantar Midil ta nan garin. A can ma akwai ɗan sarki, Musa, mai ɗokin bin mazaje wurin yaƙi, amma aku ya tsare shi a fada da daɗin labari har hatsari ya wuce. Macush bai sami aku ba. Wani ɗan leƙen asiri ya shiga jikinsa da sunan ɗan jarida, majalisar yara ta wuce gona da iri, ta tura manya makaranta, yara su ka karɓi aikin jirgin ƙasa da ma'aikatu, ƙasa ta rikice, abokan gaba su ka ci ta. Aka yanke wa Macush hukuncin kisa. Ya taka zuwa wurin da kansa a ɗage, ya ƙi a ɗaure masa ido, sai a ƙarshe aka sauya hukuncin, aka kai shi wani tsibiri da ba kowa.

Korcak bai yarda a ruɗi yara da cewa mai gaskiya kullum shi ke cin nasara ba. Abin da ya nuna musu shi ne, ana iya kā da mutum amma a kasa raba shi da mutuncinsa. Sai dai littafin yana da tabo wanda ya kamata mu Afirkawa mu sani. A cikinsa akwai wani sarkin baƙar fata da aka siffanta mutanensa da cin naman mutane, irin tatsuniyar da Turawan wancan zamani ke yi a kanmu. Gaskiya ne 'yar sarkin nan, Klu-Klu, ta fi yawancin yaran littafin basira da jaruntaka, amma wannan bai wanke tabon ba. Mutumin da ya ga hakkin yaro tun kafin duniya ta gani, ga shi bai kuɓuta daga makantar zamaninsa a kan baƙar fata ba. Kowa da inda idonsa bai kai ba.

Cikin 1926 ya kafa jaridar yara mai fita ko wace Juma'a, yara ke rubuta ta, ana kuwa biyansu ladan rubutu. Daga baya ya riƙa hira a rediyo da sunan Tsohon Likita, iyaye da yara na taruwa su saurara. Amma ƙin Yahudawa ya yi ta ƙaruwa a Folan, har cikin 1936 aka dakatad da shirin. Ya ziyarci Falasɗinu sau biyu, cikin 1934 da 1936, tun tana hannun Ingila, ya kuwa komo wurin yaransa. Malama Stefa ma ta tafi can da niyyar zama, amma ta komo Warso cikin 1939, ana jin ƙamshin yaƙi.

Unguwar kulle

Ran 1 ga watan Satumba na 1939 Jamus ta auka wa Folan. A ranar ce jaridar yaran nan ta fito fitarta ta ƙarshe. Kafin wata ya ƙare Warso ta faɗi. 'Yan Nazi, watau jam'iyyar Hitila, su ka ba da doka ko wane Bayahude ya ɗaura farin ƙyalle mai tauraro a damtse. Korcak ya ƙi ɗaurawa, ya ci gaba da yawo cikin tsohon kakinsa na hafsan Folan.

Cikin watan Nuwamba na 1940 aka tattara Yahudawan Warso da na kewaye, aka kulle su a wata unguwa da a ke kira geto, aka kewaye ta da bango mai tsawon wajen ƙafa goma. Mu a Katsina mun san ganuwa, amma kakanninmu sun gina ta ne don ta tsare na ciki daga mahara, ga Ƙofar Ƙaura, ga Ƙofar Marusa, ga Ƙofar Guga, kowa ya shiga ya fita. Wannan bango kuwa an gina shi don na ciki su mutu a ciki. Filin bai kai murabba'in mil ɗaya da rabi ba, ganuwar Katsina ta kewaye abin da ya fi shi nesa ba kusa ba, amma an cusa mutum fiye da 400,000 a ciki. Abincin da hukuma ta yanka wa ko wane mutum ba ya riƙe rai. Kafin tsakiyar 1942, yunwa da zazzaɓi sun kashe fiye da mutum 80,000.

Aka tilasta wa gidan marayu ya tashi daga Krokmalna ya koma cikin kulle. Mai gadin gidan, Kirista ne, ya roƙi a bar shi ya bi yaran, aka yi masa dūka. Ran ƙaura, sojan Jamus su ka ƙwace amalanken dankalin da aka tanada wa yara. Korcak ya tafi har ofishin 'yan sandan ciki na Jamus ya ce a mayar. Da su ka gane Bayahude ne, ga shi ba ƙyalle a damtse, sai su ka doke shi, su ka jefa shi kurkukun Fawiyak. Ya yi wajen wata guda kafin tsofaffin almajiransa su tara kuɗi su fanshe shi. Ya fito lafiyarsa ta raunana.

Daga nan aikinsa ya koma bara. Ko wace safiya sai ya saɓa buhu, ya bi ƙofa ƙofa, wurin masu sauran abin hannu da ofisoshin agaji, yana roƙo, yana faɗa, yana kunyata mai rowa, don yara wajen 200 su sami abin sawa a baka. Ƙafafunsa sun kumbura, zuciyarsa ta yi rauni. Duk da haka kotun yara ba ta daina zama ba, karatu bai tsaya ba, sikeli ma bai huta ba, ko da ya ke ko wane mako abin da ya ke nunawa raguwa ce. Cikin 1941 aka sake matsa su zuwa wani gida a titin Shiliska. A farkon 1942 kuma ya roƙi a ƙara masa wani gidan yara na hukuma a titin Jelna, inda ɗaruruwan yara ke kwance suna mutuwa, ma'aikata na sace abincinsu. Abokansa na wajen bango, har da Marina Falska da wani tsohon magatakardansa, Igor Newerli, sun shirya masa maɓoya da takardun fita. Ya gode musu, ya zauna.

Da dare, in yara sun yi barci, sai ya ɗauki alƙalami ya rubuta abin da ke ransa. Ya fara wannan littafi cikin watan Mayu na 1942. Ran 18 ga Yuli yaran gidan su ka yi wasan kwaikwayo, aka gayyaci baƙi. Wasan da aka zaɓa shi ne Gidan Waya, na Rabindranat Tagor, mawallafin Indiya. Labarin wani yaro ne, Amal, wanda ciwo ya kulle a ɗaki, yana leƙen duniya ta taga, yana jiran wasiƙa daga sarki, har barcin ƙarshe ya ɗauke shi cikin natsuwa. Waɗanda su ka halarta sun gane abin da Likita ke nufi. Ya ga abin da ke tafe, ba shi da bindiga, ba shi da gurasa, sai ya ba yaran abin da ya rage masa, watau labari, don in ranar ta zo kada ta same su baƙi.

Tafiyar ƙarshe

Kwana huɗu bayan wasan, ran 22 ga Yuli, wadda ta yi daidai da ranar haihuwarsa, Jamusawa su ka fara kwashe mutanen unguwar. Su ka ce wai za a kai su gabas ne wurin aiki. Shugaban majalisar Yahudawa ta unguwar, Adam Carniyakof, ya roƙi a ƙyale marayu, da ya ga ba za a ƙyale ba, kashegari ya sha guba. Ko wace rana a kan cusa mutum dubbai cikin taragun shanu. Cikin wata biyu an kwashe wajen 265,000 zuwa wani wuri da a ke kira Treblinka, kimanin mil 50 arewa maso gabas da Warso. Ba sansanin aiki ba ne, mayanka ce. Da an sauke mutane sai a tura su ɗakunan da a ke sakar musu hayaƙin inji, cikin sa'o'i kaɗan an gama.

Rubutunsa na ƙarshe na ran 4 ga Agusta ne. A ciki ya ba da labarin yana ba furanni ruwa a taga, wani sojan Jamus na tsaye da bindiga yana kallon sanƙonsa, shi kuwa yana tunanin ko mutumin nan malamin makarantar ƙauye ne kafin yaƙi. Ran 5 ko 6 ga wata, da safe, aka kewaye gidan. Yara su ka fito su ka yi layi, Likita a gaba, Malama Stefa da sauran ma'aikata wajen goma na tare da su.

Waɗanda su ka ga wucewarsu ba su faɗi abu ɗaya ba. Waɗansu sun ce yaran sun sa tufafinsu mafi kyau, suna tafe huɗu huɗu da koriyar tutar Sarki Macush, Likita na riƙe da hannun ƙanana biyu. Waɗansu kuwa sun ce ba waƙa, ba tuta, sai shiru da gajiya, tsoho na jan ƙafa cikin zafin rana. Amma duk sun haɗu a kan abu guda, watau ya shiga tarago tare da su. Ya kamata kuma a tuna, a cikin kwanakin nan an kwashe sauran gidajen marayu na unguwar, masu riƙonsu da yawa sun bi yaransu kamar yadda ya bi, ko da ya ke sunayensu ba su shahara ba.

Abin da ya bari

A Treblinka an kashe mutum fiye da 800,000. Cikin 1943 Jamusawa su ka rushe wurin, su ka yi shuka a kai don su ɓad da sawu. A yaƙin duka an hallaka Yahudawa wajen miliyan shida, kimanin miliyan ɗaya da rabi daga cikinsu yara ne. Littafin da Likita ya rubuta da dare ya tsira, domin an fid da shi a ɓoye, aka binne shi cikin bangon gidan marayun Marina Falska, aka buga shi cikin 1958. Cikin 1964 aka kafa duwatsu 17,000 a filin Treblinka don tunawa, waɗansu da sunayen garuruwan da aka shafe. Cikin 1978 aka ƙara dutse guda mai ɗauke da sunan Yanush Korcak da yaransa. A shekarar nan kuma ƙasar Folan ta kai wa Majalisar Ɗinkin Duniya shawarar a yi yarjejeniya a kan hakkin yara. An amince da ita ran 20 ga Nuwamba na 1989, Nijeriya ta sa hannun tabbatarwa cikin 1991, ta kuma yi dokarta ta hakkin yara cikin 2003.

Watakila wani zai ce, mene ne amfanin zamansa, tun da bai ceci yaro ko ɗaya ba? Da ya tsira, ai da ya rubuta waɗansu littattafai, ya buɗe wani gida. Mu dai a ganinmu, amana ba a auna ta da riba. Yaran nan an riga an raba su da iyaye sau ɗaya. Da ya juya baya a bakin tarago, da sun mutu suna ganin duk abin da aka koya musu a kotu da majalisa ƙarya ne. Shekara 30 yana gaya musu babba ba ya fin ƙarfin dokar da ta hau yaro, ran da doka mafi muni ta hau su, sai ya sa kansa a ƙarƙashinta.

Wani kuma zai ce, ina ruwanmu da Bayahuden Folan? Amsa ita ce, kukan maraya ba shi da yare. Yaron da aka kulle a bayan bango yaro ne, ko a Warso, ko a Gaza, ko a dajin ƙasar Katsina. Ba mu manta da watan Disamba na 2020 ba, sa'ad da 'yan bindiga su ka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana a Ƙanƙara, iyaye su ka yi kwanaki ba barci kafin a sako su. Ga kuma almajirai da marayu da ke kwana a zaurukanmu da tashoshin motarmu. Ko wane hedimasta, ko wane malamin allo, ko wace uwar riƙo, an danƙa musu abin da aka danƙa wa Korcak, sai dai jarrabawar kowa da girmanta.

Muna fata kuma masu alƙalami na ƙasar nan za su kula da yara. 'Ya'yanmu suna ganin tashin hankali da idonsu, suna bukatar littattafan hira da harshensu waɗanda ba za su ɓoye musu gaskiya ba, ba kuwa za su kashe musu zuciya ba. Garin da a ke kira ɗakin kara, garin da ya yi renon mawallafin Magana Jari Ce, bai kamata ya rasa mai yin wannan aiki ba.